Kwalbar da Aka Rubuta wa Goma: Rayuwar Malam Ɗigo

Haihuwa da asali

An haifi marigayin, wanda abokan aikinsa suka fi sani da Malam Ɗigo, a daminar shekarar 1947, a wani ƙaramin gari da ke bakin kogi, a gida na ƙarshe kafin a kai majema. Mahaifinsa majemi ne kamar yadda kakansa ya kasance, mahaifiyarsa kuwa sana'arta saƙar tabarma. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu har ya kai girma.

Tun yana ɗan shekara shida yake bin mahaifinsa wurin aiki, inda ya ga yadda ake jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, sannan a mayar da ita cikin ruwan jima. Mahaifin ba shi da wani ma'auni sai harshensa: yakan tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya san ko ruwan ya yi kaifi ko da saura. An ruwaito cewa wata rana yaron ya tambaye shi dalilin da ya sa ɗanyar fata take ruɓewa cikin kwana uku, amma jemammiya ta yi shekara ashirin, sai mahaifin ya ce masa: “Kai dai juya fatar nan, sarkin tambaya. Shekara talatin ina yi ban tambaya ba. Idan ka gano ka zo ka gaya mini.”

Karatu

A shekarar 1954 aka sa shi makarantar firamare. Saboda warin majema da ba ya barin tufafinsa, yara suka sa masa suna Fata, suka kuma bar masa bencin baya shi kaɗai har tsawon shekara bakwai. A nan ya saba da zaman kaɗaici, ya kuma saba da rubuta duk abin da ya gani dalla-dalla, tunda ba shi da abokin da zai gaya wa.

Ya shiga sakandaren kwana a 1961, ya sami gurbin karatun ilmin sinadarai a jami'a a 1968. A shekararsa ta uku ce ya fahimci cewa fata furotin ce, wato irin sinadarin da ake gina tsoka da jini da gashi da shi, kuma jima ba komai ba ce face ɗaure zarurrukan furotin ɗin da wani sinadari har su fi ƙarfin ruɓewa. Ya ajiye wannan amsa domin ya kai wa mahaifinsa a hutun ƙarshen shekara, amma Allah ya yi wa tsohon rasuwa a watan Mayu na 1971, saura mako biyar a yi hutu. Ya kammala digirinsa a 1972.

Fara aiki

A watan Janairu na 1973 aka ɗauke shi aiki a wata cibiyar binciken magunguna da ke babban birni. Ɗakin gwaje-gwajen yana hawa na biyu, dogon ɗaki ne mai tebura shida, tagoginsa suna kallon katangar wani kamfanin niƙa. Shugaban ɗakin wani dattijo ne wanda kowa ke kira Farfesa, mutum mai tsanani da ƙarancin yabo. A ƙarƙashinsa marigayin ya yi digirinsa na uku, ya kammala a 1978.

Aikin ɗakin shi ne sauya furotin ta hanyar liƙa masa wani sinadari. Yadda marigayin yake bayyana wa ma'aikatan da ba su yi karatu ba shi ne: furotin kamar doguwar igiya ce da aka naɗe ta dunƙule, tana da baki wanda da shi take aikinta, tana kuma da hannaye da yawa a jikinta da guda ɗaya a kanta. Sinadarin da ake zubawa yana da ƙugiya, kuma duk hannun da ya tarar a buɗe shi yake kamawa. Abin da ke buɗe hannayen ko ya rufe su shi ne tsamin ruwan da ake aikin a ciki. Ana auna tsamin da wata na'ura mai allura, daga sifili zuwa goma sha huɗu. Bakwai ne tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka kaifi irin na ruwan toka.

Ita na'urar ba ta sanin gaskiya da kanta. Kowace safiya sai an tsoma bakinta a cikin ruwan saiti, wato ruwan da aka riga aka san lambarsa, a murɗa ta har allura ta hau wannan lamba. A shekarar 1977 Farfesa ya haɗa lita biyar na irin wannan ruwa da hannunsa, ya zuba a wata babbar kwalba mai launin ruwan ƙasa, ya manna takarda ya rubuta lamba 10. Farfesa ya rasu a 1979, aka naɗa marigayin a gurbinsa.

A wannan zamani ne ya sami laƙabinsa, domin ba ya zuba sinadari gaba ɗaya, sai ɗigo-ɗigo, yana ƙirgawa a hankali, ba ya amsa ko sallama sai ya gama. Wani magidanci da ke wanke kwalabe a ɗakin, wanda ya yi aiki da shi shekara talatin da huɗu, yakan ce wa baƙi: “Ku nemi wuri ku zauna, Malam yana ɗigo na sha biyu, saura tamanin da takwas.”

Aure da 'ya'ya

A watan Disamba na 1975 ya auri wata malamar lissafi, suka kama hayar gida mai ɗakuna uku a layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kuma a wannan gida ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Mace ce mai raha, ita ce mai magana a gidan, shi mai saurare. Takan ce wa ƙawayenta a gabansa: “Ni na auri mutumin da in ka ce ya zuba maka madara a shayi, shayin zai huce kafin ya yi fari.” Allah ya ba su 'ya mace a 1977, namiji a 1980, sai auta mace a 1984. Ɗan ne ya fi shaƙuwa da shi. Tun yana firamare yake jera kofuna a tsakar gida yana ɗiga ruwa da tsinke, yana cewa shi ma Malam Ɗigo ne.

Babban bincikensa

Daga 1981 zuwa 1986 ya duƙufa a kan wani furotin na magani wanda jiki ke fitar da shi cikin 'yan sa'o'i, ta yadda sai an riƙa yi wa majinyaci allura sau uku a rana. Manufarsa ita ce ya liƙa masa doguwar jela ta wani sinadari, domin ya yi nauyi ya daɗe a cikin jini. Masu bincike da dama sun gwada, amma jelolin kan kama hannaye barkatai har su toshe bakin furotin, ya daɗe a jini amma ba ya aiki. A hannun marigayin kuwa jela guda ce tak take kamawa, a hannun nan guda da ke kan igiyar, nesa da baki. Furotin ya riƙe ƙarfinsa, ya kuma yi kwana huɗu a jinin dabbobin gwaji.

Sau sittin da uku ya maimaita aikin kafin ya yarda da shi. A watan Yuni na 1987 wata mujallar masana ta buga sakamakon, inda ya rubuta cewa a yi haɗin a tsami takwas da rabi, domin lambar da allurarsa take nunawa ke nan. Wannan ce shekarar da aka fi ganin baƙi a gidansa.

Zargi da zaman kwamiti

A 1988 da 1989 wasiƙu suka zo daga ɗakunan bincike uku na ƙasashe daban-daban, kowa na cewa ya bi bayaninsa harafi da harafi amma bai samu komai ba sai mataccen furotin. Ya amsa wa kowa da hannunsa, yana ba su shawarar su sassauta zubawa. A 1990 cibiyar ta koma sabon gini da sababbin na'urori, aka kwashe tsofaffin kaya, har da na'urarsa da kwalbar Farfesa, aka jibge a wani ɗaki da ke ƙarƙashin tsohon ginin.

A watan Oktoba na 1991 aka kafa kwamitin mutum biyar, aka umarce shi ya maimaita aikin a gabansu a sabon ɗaki. Ya auna takwas da rabi a sabuwar na'ura, ya ɗiga kamar yadda ya saba, furotin ya mutu. Ya nemi a sake ba shi dama, ya sake, ya mutu. A karo na uku, bayan sakamako ya fito, shugaban kwamitin ya cire tabarau ya ce: “Malam, ko dai furotin ɗin naka yana jin kunyar baƙi ne?” Wasu suka yi dariya. Marigayin ya bar teburin. Ya wanke hannu, ya rubuta sakamakon a littafinsa da kwanan wata, kamar kowace rana.

A watan Maris na 1992 mujallar ta janye takardar, ta rubuta cewa akwai alamun ƙirƙirar sakamako. Ba a kore shi ba saboda daɗewarsa a aiki, amma an raba shi da ɗalibai da teburin gwaji, an mai da shi mai kula da ɗakin tsofaffin kaya.

Shekarun ɗakin ajiya

Ɗakin yana da taga guda a sama, daidai da ƙafafun masu wucewa, da tebur na ƙarfe, da kujera ɗaya. Shekara goma sha biyar ya yi a ciki, yana zuwa ƙarfe takwas yana tashi ƙarfe huɗu, ba a taɓa samunsa da latti ba. Abokan da suka ci abinci a gidansa a 1987 suka koma gaishe shi da ɗaga hannu daga nesa. Mai wanke kwalabe ne kaɗai ke saukowa da rana su ci abinci tare, shi a kan akwati, Malam a kan kujera, sau da yawa ba tare da wata magana ba. A waɗannan shekaru ya cika littattafai goma sha bakwai da lissafin abin da zai iya zama sanadi: ruwa, gilashi, zafin ɗaki, kamfanin da ya sayar da sinadari, har da saurin hannunsa. Bai taɓa sa kwalbar Farfesa a cikin jerin ba, alhali tana kan kanta ta uku a bayan kujerarsa, kuma shi da kansa yake share mata ƙura.

Maiɗakinsa ta rasu a watan Agusta na 1998 bayan jinyar wata huɗu. Ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayarsa ko ya aikata abin da aka zarge shi da shi ba. Da rasuwarta magana ta ɗauke a gidan.

A shekarar 2000 ɗansa, wanda ke aji biyu a sashen ilmin sinadarai, ya dawo gida tsakiyar zango, saboda wani malami ya karanta sunansa a rajista ya ce a gaban aji: “Af, ɗan gidan ne? To kai ma za ka riƙa samo mana sakamako daga aljihu?” Ɗan ya tarar da mahaifinsa a falo, ya ce: “Baba, don Allah ka fito ka ce ka yi, a wuce wurin. Kowa yana tuba. Mu ne muke ɗauke da abin nan a waje.” Mahaifin ya ce: “Abin da na gani shi na rubuta. In na ce na yi ƙarya, ranar ce zan fara yin ta.” Ɗan ya ce: “Sau uku fa, Baba, a gaban mutane, da hannunka.” Mahaifin ya ce: “Sau uku. Ni ma ina wurin.”

Ɗan ya bar sashen, ya koma karatun awon filaye, ya kama aiki a wani gari mai nisa. Ba su yi faɗa ba, kuma bai daina aiko da gaisuwa ta bakin yayarsa ba, amma bai sake kwana a gidan ba. Daga wannan shekara mahaifin ya riƙa aika masa dogayen wasiƙu, wasu shafi goma, yana bayanin sabon sanadin da yake zato. Bai sami amsar ko ɗaya ba. Babbar 'yar ta yi aure a 2001, auta ta tafi karatu a 2003, ya rage shi kaɗai a ɗakuna uku.

Gano sanadi

A farkon 2007, saura wata huɗu ya yi ritaya, aka ba da umarnin a kwashe ɗakin domin za a rushe tsohon ginin. Ƙa'ida ce ba a zubar da kowane ruwa sai an auna shi, don haka aka ba shi aron ƙaramar na'ura sabuwa. Ranar Laraba 14 ga Maris, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ya sauko da kwalbar Farfesa, da sauran ruwa kamar kofi uku a ciki, ya tsoma bakin na'urar. Ta nuna tara. Ya wanke ya sake, ta nuna tara. Ya duba murfin, ya ga siririn tsagi a gefensa.

Kowane ɗalibin shekarar farko ya san cewa irin wannan ruwa yana shan iskar da mutane ke fitarwa a numfashi, kaifinsa ya ragu, don haka ake sauya shi bayan 'yan watanni. Marigayin da kansa ya koyar da haka, ya kuma zubar da na ɗalibai ba sau ɗaya ba. Amma wannan na Farfesa ne, da rubutun hannunsa, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa abin da Farfesa ya rubuta wa goma zai iya zama wani abu dabam ba. Kowace safiya ta waɗancan shekaru yana tilasta wa allura ta ce goma a kan ruwan da yake tara, don haka duk abin da ya auna an ƙara masa ɗaya. Aikin da ya rubuta takwas da rabi, a bakwai da rabi ya yi shi. A bakwai da rabi hannayen jikin furotin a rufe suke, na kai ne ya fi buɗewa. A takwas da rabi duk sukan buɗe.

Mai wanke kwalabe ya sauko da rana ya same shi zaune da kwalbar a kan cinya. Ya ce: “Malam, lafiya?” Ya amsa: “Shekara goma sha biyar tana bayana tana kallon ƙeyata.” Sannan ya ƙara da cewa: “Babana da harshe yake aunawa, bai taɓa ɓata fata ba.”

Shugabar sashen a lokacin tsohuwar ɗalibarsa ce, wadda aka sauya wa malami a 1992. Ya hau sama ya nemi aron tebur. Ta ce: “Malam, in ya sake mutuwa fa?” Ya ce: “Sai in rubuta cewa ya mutu.” Ta ba shi Asabar uku, 7 da 14 da 21 ga Afrilu, ta kuma tsaya a kansa a matsayin shaida. Ya yi haɗin a bakwai da rabi. Sau uku jela guda ta kama, sau uku furotin ya rayu.

Ritaya da neman gyara

Ya yi ritaya a watan Yuli na 2007. Hanyar tasa ba sabuwa ba ce a lokacin, domin wasu sun gano ta tuntuni da sunayensu, kuma bai nemi a mayar masa da ita ba. Abu ɗaya ya nema: a cire kalmar ƙirƙira, a rubuta kuskure. Mujallar ta riga ta haɗe da wata, editocin 1992 sun rasu ko sun bar aiki, uku daga 'yan kwamitin ma sun rasu. Ya aika wasiƙa biyar cikin shekara biyu da rabi, da sa hannun tsohuwar ɗalibarsa. A watan Fabrairu na 2010 aka buga gyaran a shafin ƙarshe, layi huɗu da ƙananan haruffa.

Ya yi kwafi uku ya aika wa 'ya'yansa. 'Yan matan biyu suka bugo waya a makon, babbar tana kuka, auta tana cewa sai an sa gyaran a firam an rataye a bango. Daga ɗan bai ji komai ba. Maƙwabta sun shaida cewa daga wannan wata ya fara fito da kujera ƙofar gida da hantsi, lokacin isowar jirgin safe, ya zauna har fasinjoji su gama wucewa ta layin, sannan ya mayar da kujerar ciki. Ya yi haka wata tara. Da babbar 'yarsa ta ce bari ta yi wa ƙanenta magana, sai ya hana ta, ya ce: “Ƙyale shi. Ya san karatu.”

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata 9 ga Nuwamba 2010, da safe, yana da shekara sittin da uku, bayan ciwon ƙirji na kwana biyu wanda bai gaya wa kowa ba. Mai wanke kwalabe, wanda shi ma ya yi ritaya kuma yake leƙo shi kowace Talata, shi ya tarar da gawarsa. An yi masa sutura, aka sallace shi da la'asar, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan layin dogo, kabari na shida daga na maiɗakinsa. Mutum goma sha tara ne suka raka shi, biyu daga cikinsu daga cibiyar.

Ɗan ya iso ana saura kaɗan a rufe kabari, ya sa hannu aka ƙarasa da shi. Bayan an dawo gida, yayarsa ta tambaye shi dalilin shirunsa a kan takardar gyara. Ya ce: “Wace takarda, Yaya?” Da ta yi masa bayani, sai ya buɗe jakarsa ya fito da ambulan ɗin watan Fabrairu, a liƙe kamar yadda aka aiko shi. Ya ce ya zaci irin dogayen wasiƙun nan ne na kullum, waɗanda ya daina buɗewa tun 2002, sai dai bai taɓa iya jefar da ko ɗaya ba. Ya yage bakin ambulan ɗin a gaban mutanen da ke falo. Babu wasiƙa a ciki, sai kwafin layi huɗun nan, kuma a ƙasansu, da rubutun mahaifinsa: “Kuskure na yi. Ga shi na amsa.” Ya karanta a bayyane sau ɗaya, ya fara na biyu bai kai ƙarshe ba.

Marigayin ya rasu ya bar 'ya'ya uku: babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, mai 'ya'ya huɗu, ɗansa, mai awon filaye, mai ɗa ɗaya wanda kakansa bai taɓa gani ba, da autarsa, malamar lissafi kamar mahaifiyarta. Littattafan aikinsa guda arba'in da ɗaya, waɗanda daga cikinsu aka tsamo mafi yawan ranakun da ke cikin wannan tarihi, suna hannun babbar 'yar. Kwalbar kuwa ɗan ne ya roƙa a ba shi, tana gidansa har yau. Takardar Farfesa tana nan manne a jikinta. Marigayin bai goge goman ba, ya dai rubuta tara a ƙarƙashinta, da kwanan wata.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, wanda ya gano da waɗanda bai gano ba.